Zuwa ga Yaya Audu, kan gangar da ka fasa a Dayi

Da sunan Allah. Gaisuwa da girmamawa zuwa gare ka, Yaya Audu, daga ƙaninka Ilu. Malamin unguwarmu ne ke rubuta mini wannan da ajami, ko da yake ban san wanda zai kai maka ba.

Bana damina tara ke nan da tafiyarka. Inna ta rasu tana tambayar fatake labarinka.

Ka tuna gayyar sarkin noman Dayi. Kai da Nomau, Bamagujen nan na bayan rafi, kuka yi wa manoma kiɗa. Shekara da shekaru mutane suna jera makaɗan noma a baki, kullum kai ne na fari, Nomau na biyu. Ran nan samarin da ke huɗa a gefensa suka riga naka kai ƙarshen gona, aka ce ya kayar da kai. Har da waɗanda ba su taɓa riƙe gular kiɗa ba suna yanke hukunci.

Da la'asar ya biyo mu gida, ya tsuguna a zaure. Ya ce, "Audu, bar su da surutunsu. Ka nuna mini yadda kake yi da hannun hagu, ni ma in nuna maka abin da na sani." Ka ɗauki fartanya ka huda fatar gangarka a gabansa. Da kaka ta yi ka bi ayarin Zazzau, aka ce mahara sun tare ku a daji. Gawa ba mu gani ba.

Shekara bakwai ban gaishe shi ba, Yaya. Na ɗora masa laifin komai.

Da na gaji da ƙiyayyar na je gidansa, na tarar hannunsa na rawa, gula ba ta zama a ciki. Da baki ya riƙa koya mini, yana buga cinya. Wata rana ya ce, "Kiɗan da aka ce na ci yayanka da shi, nasa ne. Damina uku ina laɓewa bayan ɗorawa ina saurarensa. Abin da na zo faɗa masa ke nan a zaure."

Na tashi na shiga cikin dawarsa na yi kuka.

Ya rasu bara. Rabin abin da ya sani ya tafi da shi, don na makara. Naka kuwa, ɗan abin da ya tsinta daga nesa, shi kaɗai ya rage. Shi nake kaɗawa. Yanzu ni mutane suke jerawa da wani makaɗi na Danja. Jibi zan ɗauki gangata in je Danja in zauna a zauren makaɗin, mu koya wa juna.

In kana raye, Allah ya kwance ka daga hannun da kake, ya dawo mana da kai. In ka riga mu, Allah ya yafe maka, ya haɗa ka da Inna.

Ƙaninka da bai daina duba hanya ba,
Ilu