Kogin Da Ya Sani Kamar Yunwar Cikinsa

Anti, ki taimake ni kafin bakina ya rusa gidana.

Babban ɗana yana kwance, daga kafaɗa zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Ubansa ne ya kai shi da ƙannensa kogin da ya yi iyo yana yaro, wai ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya nuna masa dutsen da yake dirowa da ka a zamaninsa. Ko sanda bai zura ba. Ashe yashi ya cike gurbin, ruwan bai kai ƙugu ba. Yaro ya dira, wuya ya karye.

Wannan kowa ya sani. Abin da ni kaɗai na sani, likita ta ja ni gefe ta ce mai yiwuwa irin ɗaukar da aka yi masa ta ƙara lalata lakarsa. Uban ne ya zaunar da shi, ya murza masa wuya, ya naɗe shi a bayan mota kamar tabarma.

Ni ke juya shi, ni ke goge masa jiki. Gogan kuwa yana falo yana raba wa 'yan dubiya "ƙaddara" kamar alewa. Duk karance-karancena ban ga inda ƙaddara ta hana mutum auna ruwa ba. Yanzu wai zai koma kogin da ƙannen yaron, kada su tashi matsorata! In faɗa masa maganar likita? Ba zan ɓoye miki ba, so nake ya ji zafi.

Uwa mai cizon haƙora

'Yar'uwa,

Fushinki yana kan hanya. Amma mutumin da ke nanata kalma ɗaya dare da rana, ina zaton ya riga ya san abin da hannunsa ya yi, tsoron furtawa yake.

Dole ya ji maganar, saboda ƙannen. Sai dai kada ya ji ta daga bakinki kina huci. Ku je wurin likitar tare. Ta ce mai yiwuwa ne, kada ke ki mayar da shi tabbas.

Zancen kogi kuwa, ki tsaya da ƙafarki. Yara su koyi iyo wurin ƙwararre. Ruwan da ba a ga ƙasansa ba, da ƙafa ake shigarsa, ko jiya aka yi wanka a ciki. Wanda ya bugu a wuya, a tallafe kansa daidai da jikinsa, fuska a sama, ba murzawa, ba zaunarwa, a kira masu agaji.

Sannan ki miƙa wa uban tawul ɗin da kike goge yaron da shi. Ya bar falo, ya koyi juya ɗansa. A nan zai ji zafin da kike so ya ji, ke kuma ki sami barci.

Allah ya ba yaron sauƙi, ya sanyaya miki zuciya.