Shekara Biyar Ba Labarin Aminu

Unguwar Dosa, Kaduna
3 ga Janairu

Zuwa ga Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da Mardiyya da jikarmu Firdausi.

Tunda kin toshe lambata, na koma ga takarda. Karatun da na koya miki lokacin muna tare bai gudu ba, na sani.

Watan gobe ɗanmu Aminu zai cika shekara biyar da ɓacewa a hanyar Birnin Gwari. Ba waya, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi. Matarsa Mardiyya tana zaune a gidanki, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ga shekararta ashirin da bakwai kacal. Na je wurin alƙali, ya ce wa'adin jiran mijin da ya ɓace ya cika tuni, ta zo ta nemi hukunci, ta yi takaba, ta samu kanta. Ta ce ba za ta taka kotu ba sai da yardarki. Ke kuma kin ce a jira, wai masu iskoki sun ce yana raye.

Na bincika su waye. Tabawa ta Rigasa, wadda iska ke yi wa raɗa a kunnen dama, ta ce yana daji yana kiwon shanun waɗanda suka kama shi. Ɗan'azumi na Kawo ba ya jin komai, gani yake a ƙwaryar ruwa, shi kuma a Nijar ya hango shi, har da gemu. Ladiyo ta Hayin Banki iska ke hawanta ta yi magana da bakinta, in ta farfaɗo ba ta san me ta faɗa ba. Ita ta ce yana ɗaure a kurkuku. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin tambaya ɗaya mai amsa uku ba, kuma a ce kowa ya ci.

Ki saki yarinyar mutane.

Wassalam,
Ubaidullah

Rigasa
9 ga Janairu

Malam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Firdausi ta yi ƙyanda ta warke, in da ka leƙo da ka sani.

Har yau kowa ɗalibinka ne. Ba iska ɗaya ke zuwa musu ba, kuma ba ta ƙofa ɗaya ake shigar musu ba. Wata kunne aka buɗe mata, wani ido, wata kuwa jikinta gaba ɗaya ake ara. Sun saɓa a kan inda yake, amma su ukun duk sun ce yana numfashi. Wannan ba ka rubuta ba, don bai yi maka daɗi ba.

Kai da ka yi 'yan kwanaki kana zirga-zirga wurin 'yan sanda, ka gaji, ka koma ka rungumi rediyo. Ni ban gaji ba. Ban ɗaure Mardiyya ba, ƙofa a buɗe take. Amma ba da bakina za a ce yaron nan ya mutu ba.

Ka huta lafiya.
Harira

Unguwar Dosa
21 ga Janairu

Harira,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Firdausi lafiya.

Na je wurin mutanenki, su ukun. Na ɗauki tsohuwar hulata, wadda nake sawa tun kafin in yi ritaya, na ce musu ni ne uban Aminu, wannan kuma hularsa ce. Tabawa ta kara ta a kunne, ta rufe ido, ta ce, “Baba, mai hular nan matashi ne, ƙishirwa yake ji, ina jin kukan shanu kusa da shi.” Ɗan'azumi ya ɗora ta a bakin ƙwarya, ya ce ga mai ita can yana tafe cikin rairayi. Ladiyo ta faɗi tana birgima, wata murya mai kauri ta ce mai hula yana cikin mari. Duk wannan, mai hular yana zaune a gabansu da sandarsa da ciwon gwiwarsa. Kunne bai ji ni ba, ido bai gan ni ba.

Kin ce 'yan kwanaki na yi. Wata goma sha ɗaya na yi. Duk gawar da aka kawo daga hanyar nan sai na je ɗakin ajiyar gawa an buɗe mini fuska na duba. Ban gaya miki ba, don na ɗauka sauƙi nake yi miki. Na ga abin da sauƙin ya jawo mini.

Kin ce ƙofa a buɗe take. Yarinyar da take kiranki Inna, take dafa miki abinci, ta yaya za ta fita kina tsaye a bakin ƙofar?

Wassalam,
Ubaidullah

Rigasa
27 ga Janairu

Malam,

Na ga takardarka. Barka da cin jarrabawa. Ka kama su, sai ka je a tafa maka.

Kana tsammani ban san Tabawa na lalube ba? Na sani tun shekarar farko. Ɗan fari ne, Malam. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. “Kai yaro” nake cewa har ya yi aure. Da ya ɓace, kowa ya daina ambatonsa a gabana, wai kada a tayar mini da hankali. A ɗakin Tabawa kaɗai ake faɗin sunansa da ƙarfi, a ce yana ci, yana sha, yana gaishe ni. Abin da ke kai ni ke nan. Kai ka je ka gwada su da hula, ba ka taɓa zuwa ka zauna mu yi hirarsa ba.

Maganar gawarwakin da ka duba, da ka faɗa mini a lokacin, wataƙila da har yanzu ina gidanka. Ka riƙe abinka kamar yadda ka saba.

Na kira Mardiyya jiya, na ce ta je kotu, na yafe mata jira. Ta yi kuka, ni ban yi ba. Ka zo ranar Litinin ka raka ta. Ba don hularka ba, don ita. In kun sa ranar zaman makoki, kada a aiko mini.

Harira

Unguwar Dosa
5 ga Fabrairu

Harira,

Assalamu alaikum. Alƙali ya yi hukunci. Mardiyya ta fara takaba a gidan mahaifinta. Firdausi za ta riƙa zuwa miki duk Juma'a.

Liman ya tambaye ni ranar da za a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa. Na buɗe baki in sa rana, na kasa. Na ce masa a dakata.

Kada ki ɗauka na yarda da Tabawa. Maƙaryaciya ce.

Wassalam,
Ubaidullah