Jan Kunne da Hutun Ista

Zuwa ga Innata Ilinca,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Bari. Yaya ƙafar Baba? Yaya ƙanwata Viorica da 'yan tagwayenta? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Maigidanmu a tashar jiragen ruwa ya ce mutum ɗaya kaɗai zai je gida bikin Ista. Sai muka yarda karta ta raba gardama, wato poka, wadda ake cin mutum da ɓoye abin da ke hannu. Kin dai san kunnuwana, gadon Baba: da na ɗauki kati mai kyau sai su yi ja wur. Grigore, abokin ɗakina, kullum cewa yake, "Kai Costel, wa zai leƙa katinka ga kunnuwanka suna shela?"

Na gwada hular ulu, suka tuɓe min. Ranar wasa sai na buɗe kwalbar barkonon da kika aiko, na cika baki. Kunnuwa suka yi ja suka ƙi hucewa, hawaye na zuba. Da ya rage daga ni sai Grigore, ya ƙura min ido ya ce, "Wannan jan na murna ne ko na ajali?" Ya tsorata ya zubar da katinsa ya sallama min wasan, alhali hannuna tarkace ne zalla.

Inna, ina tafe! Cikina ne dai har yau bai yafe min ba, amma kada ki damu. Allah ya ƙara muku lafiya. Ki ajiye min kindirmo, tukunya guda.

Ɗanki,
Costel