Ɗigon Fari a Kan Yaƙutu

Zuwa ga mijina na nesa, wanda ya gudu ya bar ni da tsoho.

Kafin gaisuwa ma, cinki wannan: idanu talatin da uku a ɗaki ɗaya, duk a buɗe, ba sa ƙiftawa, ba sa gani, ba sa kuka. Mene ne? Yi ta tunani a hankali, na san kan nan naka bai taɓa sauri ba.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matar nan da ta ƙwace mini kai. Allah ya tsare ku, ya yi wa nemanku albarka. Mu nan da sauƙi. Gwaggonka ta sauka, namiji, da kunnuwa irin naka, Allah ya ba shi haƙuri.

Maganar kakanka ce ta sa na ɗauki biro. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar idon ce ta gaji. Ka tuna littafin addu'o'in da mai kantin magani ya ba shi ya rubuta? Ya gama rubutun, ya shafa ruwan zinariya, ya zana duwatsu arba'in kewaye da shafin ƙarshe, yaƙutu da zumurrudu da lu'ulu'u, inuwarsu duk ta zauna. Saura ɗigon farin nan da ake sa wa kowane dutse a ƙarshe, wanda yake cewa in babu shi dutse tabo ne kawai. A nan ido ya ce ga garinku. Kullum yana zama a teburin bakin taga, ya tsoma burushi, ya riƙe numfashi, ya ajiye.

Ni kuwa da karambanin akuya, ran da kawunka ya kai shi asibiti na ce shekara hamsin ina kallo, ɗigo ne zai gagare ni? Na ɗauko burushin nan mai gashi uku da ya hana kowa taɓawa sai kai, na zauna a kujerata, na juyo littafin ya fuskance ni, na ɗiga wa duwatsu bakwai. Wallahi sun yi ƙyalli, har na yi wa kaina guɗa.

Da ya dawo sai ya nufi teburin. Ya bi shafin da ɗan yatsa kamar yadda yake yi yanzu, ya ji tudun fentin, ya tsaya. Ya tambaya ko kai ne ka zo. Muryarsa, jikana, ba zan iya rubuta maka ita ba. Da ya sake shafawa sai ya ce a'a, kai ba za ka sa haske a ƙasan dutse ba. Ashe shekara hamsin ɗin nan a gabansa nake zama, littafi kuma a juye nake ganinsa. Duwatsuna bakwai rana daga ƙarƙashin ƙasa take fito musu. Fari kuma in ya sha cikin ja ba ya goguwa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya wanke burusan, ya ɗaure su da zare, ya ce in ba wa duk wanda ya tambaya. Babu wanda ya tambaya. Mai kantin ya zo sau biyu, yanzu gaisuwa kawai yake aikowa.

Ba zan ce ka zo ba. Na san aiki, na san hanya, na san hannunka ya shekara goma bai riƙe burushi ba. Ruwan da ya zube a ƙasa ba a kwashe shi da roƙo. Na dai ga bai kamata ka ji a bakin wani ba.

Ka gaida matarka da ƴar autarku mai wushirya. Kawunka da gwaggonka suna gaishe ka. Kakanka ya ce a ce maka yana nan ƙalau.

Ni ce uwargidanka da ka yasar,
Kakarka.

Amsar kacici-kacicin kuwa, duwatsun da suka rage a shafin ne, waɗanda ban taɓa ba. Haka za su zauna.