Ɗigo Ɗaya a Jinin Gidanmu

Da sunan Allah. Ni Barira 'yar Malam Sha'ibu, malamar lakwal, makarantar boko, a Gure, na rubuta wannan da hannuna a shekarar 1977. Ƙirjina ya gaza, amma hankalina garau yake.

Alhasan, Yakura, ku biyu kuka rage mini cikin 'ya'ya biyar.

Na ɗaya. Littafin da kakanku ya kwafa na Alhasan ne. Buɗe inda na sa tsinke. Tawada ta ɗiga ƙarƙashin harafi ɗaya, "rahimu" ya koma "rajimu", mai jinƙai ya zama la'ananne. Ɗalibansa haka suka kwafe shi. Kar ka kankare.

Na biyu. Takardar lokotoro, likitan Damagaram, ta Yakura ce. Shi ya auna jinin 'yar'uwarku Ma'u kafin ta rasu, ya yi mini bayani, na nemi littattafai na ƙara sani. Akwai rubutu a jikin mutum, kwafi biyu, na uwa da na uba. Shi jiki ke karantawa ya ƙera abin da ke cikin jan jini. Harafi ɗaya ya sauya a namu, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe jijiya. Mai kwafi ɗaya mai kyau lafiyarsa lau. 'Yan'uwanku Hamidu, Zulai da Ma'u sun gaji kuskuren ta gefe biyu. Ta gefe biyu, na ce: nawa da na marigayi ubanku.

Shekara goma sha ɗaya gwaggonku Yabawa tana gaya wa gari ni mayya ce, na cinye 'ya'yana. Ranar jana'izar Zulai, mata suka janye yaransu daga gabana. Ubanku yana ji, bai tsaya mini ba.

Na uku. Yakura, kina son Yakubu ɗan Yabawa, na sani, yaron kirki ne. Ban hana ba. Amma kar a shafa fatiha sai an auna jininku a Damagaram, ke da shi. In duk kuna ɗauke da kuskuren, ki haƙura. Kukan rabuwa yana ƙarewa. Ihun yaron da ƙasusuwansa ke ciwo ba ya fita daga kunne.

Na huɗu. Gabar da ke tsakanina da Yabawa a binne ta da ni. Ku gaishe ta, ku yi jinyarta in ta kwanta. Amma Alhasan ya karanta mata wannan takarda, a hankali, sau biyu. Kuma kar ta wanke gawata.

Allah ya yi muku albarka, ya raya abin da za ku haifa. Ku riƙe zumunci da hannu biyu, amma kar ku ciyar da shi da 'ya'yanku.