Gonarki ta Cikin Waya, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwarsa yana durƙushe, ina sanar da ke cewa mun dawo Kalakla, unguwarmu a Khartoum. Na san saƙo ba ya isa inda kike. Amma tun da muka shigo gidan nan bakina cike yake da magana, kuma ke nake so in gaya wa.

Gidan yana nan, Inna. Ƙofar ce babu, da tagogi, da wayoyin lantarki da aka zare daga cikin bango. Gadon igiyar nan naki da kike kishingiɗa a kai ƙarƙashin rumfa, ƙafa ɗaya kawai muka tarar, ina jin da sauran aka yi girki. Matata Sa'adiyya ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa. Jikanyarki Rumaisa ta tsaya a wurin zamanki, aka yi ta kiranta ba ta amsa ba.

Maganar gem, wasan nan na na'ura, zan yi miki. Na san da kina nan da kin harare ni kin ce duk abin da ya same mu wannan na ga ya dace in ɗauko.

Kin tuna ina yaro, wani mutum ya buɗe shago bayan tashar mota, ya ajiye talabijin da na'urar gem, yaran unguwa suka koma can da zama? Wata rana kika shigo shagon da kanki, lulluɓe da babban mayafinki na tobi, wurin ya yi tsit har mai shagon ya miƙe tsaye. Kika kamo hannuna muka fita. Sai da muka kusa gida kika ce, “Akwatin nan shan idon yaro yake, ya sha hankalinsa, ya bar wa uwarsa fanko.”

Da Kawu Sale ya dawo daga Jidda ya kawo mini irin na'urar tsaraba, kika yi masa godiya har da addu'a. Yana fita kika naɗe ta a zane kika kulle a adakarki. Har yau ban san inda ta ƙare ba. Ba ke kaɗai ba ce a lokacin. Duk iyayen unguwarmu haka suka ɗauke ta, har liman ya taɓa yin magana a kanta bayan sallar magariba.

Na girma, na koyi ɗinki, na samu shago a Kasuwar Umdurman, na yi aure. Gem ɗin kuma ya bar talabijin ya shige cikin waya. Idan ciniki ya lafa da rana, ni da maƙwabcin shagona Yasir sai mu buɗe wasan harbe-harbe, muna ihu kamar yara. Idan na dawo gida na ci gaba, sai in ji muryarki daga rumfa. Ba kya kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, sai dai Tarzi, yadda ake ce wa tela a nan.

“Tarzi, ga furfura a gemunka kana harbin bayin Allah. Su ba su da iyaye?”

In ce, “Inna, ba mutane ba ne, zane ne.”

Ki ce, “To wa ya sa aka zana su da jini?”

Dariya nake yi a lokacin. Gani nake tsufa ne ya hana ki ganewa.

Sai ciwon nan ya same ki, hannunki na dama ya shanye, maganarki ta yi nauyi. Ke da ba ki taɓa bari wani ya tuƙa miki tuwo ba, kika koma sai an ba ki ruwa a baki. Likita ta ce a riƙa sa ki motsa yatsu, ta ba mu wata ƙwallon roba, kika jefar da ita bayan randa. Kika daina hira. Kika daina tambayar wa ya haihu, wa ya yi tafiya. Wannan shirun ya fi ciwon ba ni tsoro.

Rumaisa ce ta yi dabarar, tana aji huɗu a lokacin. Ta saka wasan noma a tsohuwar wayar uwarta, ta zauna a gefen gadonki tana yi ita kaɗai, ba ta ce ki duba ba. Kwana da kwanaki kina kallon bango. Ran nan sai muka ji kin ce, da muryar nan mai nauyi, “Ke, ba a shuka masara a gindin bishiya. Inuwa za ta kashe ta.”

Rumaisa, da ke kiranki Habboba yadda ake ce wa kaka a nan, ta ce, “To Habboba, nuna mini inda zan sa.”

Kika ɗaga hannun nan da muke cewa ya mutu, yana rawa, kika ɗora yatsa a kan gilashin. Sa'adiyya ta shige ɗakin girki don kada ki ga tana kuka.

Daga nan gonar ta zama taki. Kullum sai kin kushe ta. Saniya babu ƙuda, alkama na nuna kafin shayi ya huce, babu fara, babu tsuntsu, babu mai tsayawa a kanki yana cewa yi sauri. Amma idan kika idar da sallar asuba, kafin ma a kawo miki jabana, butar gahawarki, sai ki ce a miƙo miki gonarki. Kika raɗa wa saniyar suna Asabe, sunan ƙanwarki da ta rasu, kika ce ita ma haka take da ci.

Wata ranar Juma'a na zauna kusa da ke ina tsokanarki, na ce ashe akwatin ya shanye hankalin tsofaffi ma. Ba ki yi dariya ba. Kika ce, “Tarzi, tun ina ƙarama nake tsinkar auduga a Jazira. Bayana ya lanƙwashe a gonar mutane. Ubana ya yi, uwata ta yi, ba a taɓa nuna mana ko taku ɗaya an ce namu ne ba. Wannan ce ta farko da na shuka abin da na ga dama.” Na tashi na fita kamar ana kirana a waje.

Sai yaƙi ya zo, cikin azumi. Da safen nan na farko kina rumfa, ina cikin ɗaki ina shirin tafiya kasuwa, sai aka ji ƙarar harbi, kika ɗaga murya, “Tarzi, rage ƙarar abin nan, mutane na azumi.” Na fito hannuna babu waya. Kika dube ni, kika dubi hannuna, sai aka sake sakin wata ƙarar da ta girgiza kwanon rufi. Ban taɓa ganin fuskarki haka ba.

Ba a daɗe ba aka gaya mini Yasir ya fita neman burodi, harsashi ya same shi a bakin titi. Ba a san ma wanda ya harba ba. Da na buɗe wayata na ga sunansa a jerin abokan wasa, da hoton sojan da ya zaɓa wa kansa, riƙe da bindiga. Na goge wasan a ranar. Ba wanda ya yi mini wa'azi. Har yanzu idan na ji ƙarar irinsa daga wayar wani a mota, sai in nemi sauka tun ban kai ba.

Da zaman ya gagara muka ɗauke ki a katifa muka sa a bayan babbar mota, muka bi hanyar kudu har Kosti. Aka ba mu kusurwa a ajin wata makaranta, mu da wasu iyalai, zane ne kawai tsakaninmu. Yaran wurin ko ƙofa aka buga sai su shige ƙarƙashin benci. Akwai wata yarinya da ta daina magana gaba ɗaya tun da suka baro Khartoum.

Ke kika tara su. Idan na samo cajin waya wurin masu lantarkin hasken rana, sai ki sa a jingina ki da bango, su kewaye ki. Wannan ya ba kaji hatsi, wancan ya tatsi Asabe, kowa da layinsa. Yarinyar nan ma wata rana ta miƙo yatsa ta girbe masara, ta ce “tawa”, uwarta ta faɗi ta yi sujada a kan simintin.

Wata dattijuwa da muke aji ɗaya ta ce miki, Hajja, da girmanki kina koya wa yara wasan banza, maimakon ki sa su tasbihi. Ina ji da kunnena kika ce, “Tasbihin ma muna yi. Amma yaron da ya ga abin da waɗannan suka gani, bar shi ya ga wani abu ya tsiro.” Na tuna ranar da kika fito da ni daga shagon nan, na juya fuskata bango.

Sai layin waya ya ɗauke a ko'ina. Gonar ta ƙi buɗewa, sai wani ɗan zobe da ke ta juyawa a kan gilashi. Maganin hawan jininki ma ya ƙare, na zaga duk inda aka ce akwai, babu. Kullum da safe sai ki tambayi Rumaisa, “Ta buɗe?” Ta ce a'a. Ki ce, “Asabe na can da yunwa.” Daga baya kika daina tambaya. Kika koma kallon bango irin na da.

Ranar da za ki tafi, bayan azahar, kin riƙe hannuna da hannun nan na dama, riƙo mai ƙarfi, kika kira ni da sunana na yanka. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji shi daga bakinki. Muka binne ki a can, nesa da kabarin Baba, cikin mutanen da ba ki sani ba.

Da layin ya dawo, ni da Rumaisa muka buɗe wayar. Inna, babu abin da ya mutu. Alkamarki ta nuna tana jira, Asabe na tsaye tana kaɗa wutsiya, komai yadda kika bar shi. Rumaisa ta kife wayar a cinyarta. Tun daga ranar ba wanda ya iya girbe ta. Mukan buɗe mu duba mu rufe.

Satin da ya wuce na haye Umdurman don in ga abin da ya rage na shagona. Keken ɗinkin babu, layinmu duk baƙin hayaƙi ne, amma mutane sun fara kafa tebura. Na nuna wa wani mai gyaran waya wayar gonarki, don batirinta ya kumbura har ya ɗaga gilashin. Ya ce ta gama, ko yau ko gobe, kuma tunda ba mu san da wane suna aka buɗe wasan ba, gonar ba za ta koma wata waya ba.

Na dawo na gaya wa Rumaisa. Ta ce in zauna kusa da ita. Ta girbe alkamar duka, ta tatsi Asabe, ta kwashe ƙwai. A wasan akwai wurin da ake ajiye kaya don maƙwabtan gona su ɗauka, mutanen da ba mu san ko a wace ƙasa suke ba. Ta zuba komai a wurin har rumbun ya koma fanko. Sai ta ɗago ta ce, “Baba, na yi wa Habboba sadaka. Ladan zai kai mata?”

Inna, na yi karatu daidai gwargwado, amma ban san amsar ba. Na ce mata Allah ya ga zuciyarta. Washegari na samo alkama ta gaske, Sa'adiyya ta dafa ta da gishiri da ɗan mai, muka kai wurin girkin unguwa inda ake ciyar da waɗanda suka dawo ba su tarar da komai ba. Rumaisa ce ta riƙe ludayi. Duk wanda ta zuba wa sai ta ce, “Daga gonar Habbobata ne, a yi mata addu'a.” Ba wanda ya tambaye ta a ina gonar take. Wayar ta mutu kwana biyu bayan haka.

Ya Allah, ka gafarta wa Zainabu, ka yalwata kabarinta a ƙasar baƙunci, ka sanya ciwonta da gudun da ta yi su zama kankarar zunubi. Ka haɗa ta da iyayenta da mijinta da ƙanwarta. Ka ba ta a wurinka abin da ba ta samu a nan ba. Ka sanyaya zuciyar yarinyar nan, ka kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Amin.

Ki huta, Inna.

Ɗanki,
Abakar