Na ƙone tsumman

Baban yara,

Za mu wuce asibiti da Inna, ba zan iya jiran ka dawo daga sarin kaji ba. Tun asuba take zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, amai da gudawa, har ƙafa ta daina ɗaukarta. Maƙwabcinmu direba yana jira a ƙofa.

Na tambaye ta me ta ci. Ta ce jiya ta biya ta rumfarka a kasuwa, ka zaɓo mata cinya cikin na shekaranjiya da ka sake soyawa. Har faranti ka goge mata da tsumman nan naka, don girmamawa. Shi dai wanda kake goge wuƙa da tebur da gumin wuya.

Na ciro shi daga aljihun rigar aikinka na ƙone, kada ka wahalar da kanka da nema. Wutar ma sai da ta yi shawara kafin ta kama shi. Ragowar kajin bokiti na binne su, don kyanwar maƙwabta ba ta yi mana laifin komai ba.

Sabulu da sababbin tawul biyu suna cikin kwandonka. Ruwan wanke faranti kuma a riƙa canzawa, ba sai ya koma miya ba.

Kullum kana cewa shekara tara babu wanda ya taɓa dawo maka da ƙorafi. To ga ta farko, kuma ita ta haife ka.

Ka taho da zanenta da ruwan zafi a flas. Ta ce kada ka taho mata da komai na ci.

Maman yara